Bijimin Janar Shayif

A shekara ta shida da ɓarkewar yaƙi tsakanin jamhuriya da mutanen Imam, sarkin da aka hamɓarar, wata Lahadi da hantsi, wani ƙaramin hafsan sojan jamhuriya da ke kan Dutsen Darwa ya ɗora madubin hange a ido, ya ga maza fiye da ɗari biyar sun taru a kwari, kowa da bindiga a kafaɗa. Ɗan birni ne, ya yi karatun igwa a ƙasar waje, a lissafin nisa kuwa ba a kama ƙafarsa. Abin da ba a koya masa ba shi ne, mu nan duwatsu ko albasa mutum zai saya da bindigarsa yake zuwa. Ya ba da umarni aka saki harsashi ɗaya. Ya faɗa tsakiyar kasuwar Lahadi ta ƙabilar Bani Sabra, ya kashe wani dattijo mai sayar da zabibi, sunansa Hadi, baffan shaihin ƙabilar.

Kasuwa fa! Wurin da wanda ya kashe ubanka zai tsuguna kusa da kai yana taya gishiri, ba ka isa ka ɗaga masa murya ba sai kun fita iyakarta. Shekara shida ana yaƙi, 'yan jamhuriya da mutanen Imam suna cin kasuwar nan tare, ba wanda ya taɓa ko zare wuƙa. Kafin la'asar Bani Sabra sun mirgino duwatsu sun toshe hanya ɗaya tilo da ke hawa Darwa. A can sama akwai soja ɗari uku da goma sha biyu, ruwan da ya rage a tafkin dutsensu kuma na kwana takwas ne, shi ma in an yi tsimi.

Saje Galib, direban Janar Shayif Mabkut, yana kwance ƙarƙashin jif yana ɗaure wani ƙarfe da waya lokacin da labarin ya iso babban sansani. Ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ji abin da ake faɗa, ya zauna daɓas a ƙasa. Shi ɗan ƙabila ne, ya san abin da aka jawo.

Galib da Janar 'yan ƙauye ɗaya ne, sa'annin juna kuma. Sai dai Galib yana iya jero kakanninsa bakwai ba tare da ya ja numfashi ba, jambiyarsa tana tsaye cak a tsakiyar ɗamara yadda 'ya'yan ƙabila ke ɗaura wuƙarsu. Shayif kuwa ɗan Mabkut mahauci ne. A wajenmu mahauci shi ne wanzami, shi ne mai kaciya, shi ne mai ganga ranar biki. Ba a kashe shi, shi ma ba ya kashe kowa, ba a ba shi 'ya, ba a auren tasa. Suna yara Galib ya sha kiran Shayif ɗan tumbi, wani lokaci ya raka sunan da tsakuwa.

Shayif yana shekara goma sha ɗaya ubansa ya rasu. Ya bi ayarin masu gishiri a ƙafa har Sana'a, babban birni, ya samu aka sa shi makarantar marayu, daga nan ya shiga sojan Imam ba ko takalmi. Shekara goma sha huɗu ya yi kafin a ɗaura masa igiyar saje, domin wa zai yarda ɗan mahauci ya ba 'ya'yan mutane umarni? Da juyin juya hali ya zo aka kafa jamhuriya, aka daina tambayar sunan kaka na ɗan lokaci, aka koma tambayar wa zai iya riƙe mashigin dutse. Shayif ya riƙe mashigin Hamra kwana goma sha tara da mutum arba'in, ya baro yatsu biyu na hannun hagu a can. Lokacin da aka yi wa Sana'a ƙawanya, shi ne ya tara 'yan makaranta da masu gasa gurasa da teloli, suka ja igwa da igiya har ƙolin wani tsauni da kowa ya ce ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Bayan nan aka ba shi Janar. Ba ya cin abinci sai sojan ƙarshe ya ci, ya san ƙauyen kowane kurtu da ke ƙarƙashinsa. Abu ɗaya kawai Galib ya lura da shi tsawon shekarun nan: tun da Shayif ya sa kaki, ba a taɓa ganin ya ratsa ta rumfar mahauta ba, ko da hanyar ta fi kusa.

Galib yana alfahari da shi ba kaɗan ba. In ya sauka ƙauye hutu, labarin Janar ne daga majalisar rana inda ake taunar ganyen kat kamar goro har sallar magariba, har mutane suka fara tashi in ya gyara murya. Amma a faɗi gaskiya, da Janar zai aiko neman wa ɗansa auren 'yar Galib, da Galib ya rasa inda zai sa kansa.

Washegari aka bugo waya daga birni. Galib yana bakin ƙofa yana zuba ƙishir, shayin ɓawon gahawa, a kofi, yana jin muryar da ke cikin wayar tana ta faɗa: tankoki huɗu, jirage biyu, a buɗe hanyar nan da ƙarfi kafin Alhamis. Janar ya ce, "Na ji," ya ajiye. Ya juyo wajen Galib.

"Galib, kai ɗan ƙabila ne. In aka kashe maka baffa a kasuwa, sannan aka biyo ka da tankoki, me za ka yi?"

"Fandim," in ji Galib, wato ranka ya daɗe a bakin soja, "ƙabilu bakwai ne suka ɗauki amanar kasuwar nan. Kafin tankokinka su sha kwana ta biyu a kan hanyar dutsen duk bakwai ɗin sun sauko, har da waɗanda suke tare da mu yau."

"Mutanenmu na Darwa fa?"

"Ƙishirwa za ta riga harsashi."

"To, nemo mini bijimi."

Galib ya ajiye butar. Ya san abin da ake nufi. In laifinka ya fi ƙarfin baki, sai ka ja bijimi kanka a buɗe, ka kai ƙofar wanda ka zalunta, a yanka a nan, ka miƙa wuya ga hukuncinsa. Jini in ya taɓa dokin ƙofa, mai gida ba ya iya kawar da kai cikin sauƙi.

"Wa zai ja shi, Fandim?"

"Ni."

Galib ya shiga gyara ɗamararsa da ba ta kwance ba.

"Faɗi mana," in ji Janar. "Shekara shida kana haɗiye ta, yau tofar."

"Fandim... Shayif. Mai kai sa, girmansa yake ajiyewa a ƙofar mutane. Za su ce..."

"Za su ce ɗan Mabkut ba shi da abin ajiyewa."

"Ba ni na faɗa ba."

"Ai kai ka riga kowa faɗa, har da tsakuwa. Tashi ka nemo mini sa, kuma kar ka kawo mai tari. Tun daga nesa zan gane, ka san gidan da na fito."

Ranar Laraba da safe suka tashi a ƙafa. Soja arba'in, dukkansu 'ya'yan ƙabila, kawuna a buɗe, bakin bindigogi yana kallon ƙasa, suna rera waƙar neman afuwa da babbar murya don a ji zuwansu. Janar yana gaba da igiyar jan bijimi mai tozo a hannunsa mai yatsu uku. Galib yana bayansa.

Bani Sabra sun yi sahu a gaban dogon gidan dutse na Shaihi Mukbil, da baƙin da suka zo ta'aziyya daga sauran ƙabilu. Mata sun cika tagogi. Kusa da Shaihin akwai wani ramammen magidanci mai jajayen idanu, Nashir ɗan marigayi Hadi. Sojoji suka jera bindigoginsu a ƙasa suka ja baya.

Shaihi Mukbil ya ƙare wa bijimin kallo, sannan ya ƙare wa mai riƙe da shi.

"Lale da jamhuriya," ya ce. "'Ya'yan mutane ne suka ƙare mata, ta aiko mana wanda ubansa ke wanke hanji?"

Dariya ta zagaya sahun.

"Ya wanke, ya Shaihi," in ji Janar, "kuma ba a taɓa dawo masa da shi don an ga ƙazanta ba. Na zo da laifi a wuyana. Ga sa, ga ƙofarku."

"Ga ƙofa kam. Sai dai kash, mahaucinmu yau ba shi da lafiya." Shaihin ya faɗi haka alhali ga tsohon mahaucin can jingine da bango, lafiyarsa lau, wuƙaƙensa a ƙugu. "In inuwar gidan nan ta taɓa wancan dutse jini bai zuba ba, ku ja abinku ku koma. Ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba."

Galib ya gane tarkon nan take. Ɗan ƙabila yana yanka ragon layyarsa a bayan gida, amma ba ya tsayawa a bainar jama'a ya yi wa wani aikin fawa. Saura mutum ɗaya ke nan a wurin da ya iya, kuma so ake ya yi a gaban sojojinsa da ƙabilu bakwai, a tuna wa kowa asalinsa, a ga ko taurarin kafaɗa za su tsaya bayan haka.

Janar bai ko yi jim ba. Ya ɓalle maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya cire, ya miƙa wa Galib. Ya naɗe hannun 'yar ciki, ya taka har wurin tsohon.

"Baffa, kai aka ce ba ka da lafiya, ba wuƙarka ba. Ara mini ita, da dutsen washi."

Tsohon ya saci kallon Shaihi, ya ga bai hana ba, ya zaro ya miƙa masa. Janar ya gwada kaifin a farcen babban yatsa, ya girgiza kai.

"Haba Baffa, da wannan kake yi musu? Shi ya sa suka cika faɗa, naman da suke ci a wahalce ya mutu."

Wani a cikin baƙin ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Janar ya tsuguna, ya tofa wa dutsen yawu, ya shiga wasa wuƙa. Ba a jin komai a filin sai ƙarar ƙarfe a kan dutse. Shekara talatin da wani abu rabon hannun nan da aikin, amma bai manta komai ba. Ya miƙe, ya zagaya igiya a ƙafafun bijimin da wani irin ƙulli da Galib ya sha gani a kasuwar ƙauyensu, sannan ya juyo ya dubi sojojinsa.

"Mutum ɗaya ba ya kayar da bijimi. Wa zai riƙe mini?"

Soja arba'in suka sunkuyar da kai. Waɗannan fa mutane ne da suka bi shi cikin ruwan harsashi a Hamra, da zai ce su ruga bakin igwa yanzu da sun ruga suna kabbara. Amma ɗan ƙabila ya zama yaron mahauci a gaban ƙabilu bakwai? Sunan zai bi shi, ya bi 'ya'yansa, ya jira jikokinsa a bakin kasuwa. Inuwar gidan tana ta rarrafe, saura taku uku ta kai dutsen.

Galib yana rungume da rigar Janar. Ya tuna 'ya'yansa mata biyu da ba a kai kuɗin gaisuwarsu ba tukuna. Ya tuna 'yan'uwansa da za su ji labari kafin ya isa gida. Sai kuma ya tuna tafkin Darwa, don ya gan shi makon jiya da ya kai musu garin abinci: ruwa kore, ya ja baya har ana ganin matakala ta ƙarshe, kurata suna layi da gwangwani. Kunya ta kama shi, ba kunyar fawa ba, kunyar tsayuwar da yake yi. Ya danƙa wa na kusa da shi rigar, ya fito.

"Ka san abin da kake yi?" Janar ya tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Yi sauri kafin kakannina su farka."

"To kama nan. Ba nan ba, sakarai, zai harbe ka. In na ce ja, ka ja da duk ƙarfinka, ka ɗora gwiwa a kan cinyarsa. Ja!"

Janar ya kama ƙaho da hanci ya murɗe, Galib ya ja igiya, bijimin ya zo ƙasa da wani irin nauyi har ƙura ta tashi. Suka juya shi ya fuskanci alƙibla, wuyansa daidai dokin ƙofa. Galib ya kwanta a kan ƙafafun da ke ta fizga, ƙugunsa na shan duka, jambiyarsa ta karkace gefe. Ya ji Janar ya yi bisimilla da kabbara, ya ja wuƙa sau ɗaya tak. Jini ya yi tsartuwa ya wanke dokin ƙofar Shaihi Mukbil, ya wanke rigar Galib tun daga wuya har gwiwa. Tsohon mahaucin da ke jikin bango ya manta ba shi da lafiya, ya ce da ƙarfi, "Allah ya ji ƙan wanda ya koya maka!"

Janar ya goge wuƙar a fatar sa, ya mayar wa mai ita da hannu biyu. Ya tsaya gaban Shaihi haka nan, ba riga, ba hula.

"Ya Shaihi, ku kuka san al'ada, ni ɗan mahauci ne, sai dai in tambaya. In kun ɗauke ni Janar, daidai da ku, to ga jinin sana a ƙofarku, ku karɓa ku yanke hukunci. In kuma har yanzu ɗan Mabkut ne ni, to mahauci amanar ƙabila ne, mai rauni ne a ƙarƙashin inuwarku. Ban taɓa jin an kori mai rauni daga ƙofa da kukansa ba tare da baƙin abin kunya ya hau gidan ba. Ga dattawan ƙabilu shida suna kallo. Ku zaɓi wanda kuka ga dama a cikin biyun, duka ni ne."

Dattawan baƙi suka fara gyaɗa kai suna shafa gemu. Shaihi Mukbil ya dubi jinin, ya dubi baƙinsa, ya ga ba ƙofar fita.

"Wallahi da ubanka ɗan ƙabila ne, da ka cinye mu da rai," ya ce.

"Da ɗan ƙabila ne, ya Shaihi, da yanzu ina nan tsaye ina neman mai yanka mini."

"To, a ba mu wanda ya harba."

"Igwar tawa ce. Ni na ɗora shi a kanta ban koya masa ranar kasuwa ba. Ga ni, ku riƙe ni har dattawa su yanke abin da za su yanke, ko me ya zama. A bar ruwa kawai ya hau dutse. Mutum ɗari uku ne a can, ba su kashe kowa ba."

Shaihin ya juya ga Nashir, domin jinin nasa ne. Hawaye na bin gemun Nashir bai share ba. Can ya tako, ya tsallake jinin ya tsaya gefen Janar.

"Babana shekara arba'in rumfarsa tana jikin ta mahauta," ya ce. "Ba za a ce ɗan Hadi ya kashe mutane da ƙishirwa ba. Mun karɓa. A kwashe duwatsun."

Janar ya yi kwana ashirin da uku a gidan Shaihi Mukbil kafin dattawa su gama hukunci, kuma ya ɗauki duk abin da suka ɗora masa bai ce ƙala ba. Da ya fito, takarda na jiransa daga birni: ya saɓa umarni, ya zubar da girman kaki, ya je ya huta. Bai sake riƙe runduna ba har yaƙin ya ƙare. Masu rubuta takardar har yau ba wanda ya san sunansu a kwarin nan.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, kafin rana ta faɗi, Galib ne ya tuƙa tankar ruwa ta farko ya hau Darwa, bai tsaya ko canza riga ba. Tun da ya sha kwana ta ƙarshe a hanyar ya hango su sun fito bakin ganuwa, da gwangwanaye da butoci da hulunan ƙarfe, leɓuna duk sun tsage. Ƙaramin hafsan nan yana can baya shi kaɗai, ya kasa haɗa ido da kowa.

Galib ya taka birki ya buɗe ƙofa. Wani kofur ɗan ƙabilarsu, wanda ya san gidansu ya san kakanninsa, ya ga rigar ta bushe ƙandas da jini, ya ja da baya.

"Baffa Galib, artabu aka yi? Jinin wa ke nan?"

Ba wanda ya san komai tukuna a saman dutsen. Da ya ce artabu ne, da an ɗauke shi a kafaɗa. Galib ya hau matakin motar don kowa ya gan shi, ya gyara jambiyarsa ta tsaya daidai, ya ɗaga murya.

"Jinin sa ne. Janar Shayif ɗan Mabkut mahauci ya yanka a ƙofar Bani Sabra, ni Galib na riƙe masa ƙafa. Wanda yake ƙyamar ruwan da mahauta suka kawo, ya koma gefe."

Ya jira, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya koma gefe. Kofur ɗin ne ya fara miƙo gwangwaninsa, Galib ya sauko ya buɗe famfo.